Ɗakin karatun Majalisar Ɗinkin Duniya da ya gyara mini babi na biyu

Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma bincikena a kan haƙƙin ɗan Adam ne. Malamar da ke duba aikin ta dawo mini da babi na biyu, ta ja layi a inda na rubuta cewa Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ta wajabta wa ƙasashe kaza da kaza. A gefe ta rubuta tambaya ɗaya: sanarwa ce ko yarjejeniya? Neman amsarta ne ya kai ni ga Audiovisual Library of International Law, ɗakin karatu na intanet da ofishin harkokin shari'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya buɗe a 2008. Kyauta ake shiga.

Kashi uku ne: laccoci, taskar tarihi, da sashen kayan bincike. Taskar tarihin ce ta kama ni. Kowace muhimmiyar takarda tana da gabatarwar wani masani, da bayanin yadda aka tsara ta daki-daki, wasu har da hotuna da muryoyin zaman da aka yi. Gabatarwar Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam, marigayi Antônio Cançado Trindade ne ya rubuta ta, wanda ya yi alƙalanci a Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe (ICJ). A nan na fahimci cewa abin da aka zartar a Paris ranar 10 ga Disamba 1948 ƙudurin Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Ƙasashe 48 suka amince, 8 suka ƙaurace wa ƙuri'a, ciki har da Tarayyar Sobiyet da Afirka ta Kudu da Saudiyya, babu wadda ta ce a'a. Ba takardar da ake rattaba wa hannu a kai majalisar ƙasa ta amince ba ce. Nauyinta ya samu ne daga baya, da ƙasashe suka riƙa kafa hujja da ita suna shigar da ita cikin tsarin mulkinsu.

Daga nan na bi zaren. A 1952 Babban Taro ya yanke shawarar a rubuta yarjejeniya biyu maimakon ɗaya, guda ta 'yancin jama'a da siyasa, guda ta tattalin arziki da zamantakewa da al'adu. Sai 1966 aka kammala su, sai 1976 suka fara aiki. Da can shekarun nan haddarsu kawai na yi don jarrabawa. Da na karanta gabatarwar Christian Tomuschat a kan ta siyasar, sai na ga ja-in-jan Gabas da Yamma a cikin jinkirin. Wanda ke son harkokin ƙasa da ƙasa zai ga yadda diflomasiyya ke taɓa kowace kalma ta doka.

Laccocin kuwa malami ne a gaban kyamara, yana bayani ba ado. Ni sigar murya na fi saukewa, ina saurara a hanya, in na iso gida in koma wurin da ya yi mini nauyi. Yawancinsu da Turanci ne, kuma an yi su ne don wanda ya riga ya san tushen dokar ƙasa da ƙasa. Ɗan aji ɗaya zai sha wuya, gara ya fara da littafin darasi. Mai neman hukunce-hukuncen kotu ma ya nufi rumbun kotunan kansu, nan wurin fahimtar asali ne.

Na sake rubuta babin, na ba Sanarwar sashe nata, yarjejeniyoyin 1966 nasu. Yanzu ina kan gabatarwar William Schabas game da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, wadda aka zartar ranar 9 ga Disamba 1948, kwana ɗaya kafin Sanarwar. Ita zan buɗe babi na uku da ita.