Injektar dizal ta samu matsala: sabuwa, sabuntacciya, ta hannu, ko a gyara wadda ke jiki?

Kafin maganar saye, a fara tabbatar da cewa injektar, wato na'urar da ke fesa mai a cikin silindar inji, ita ce mai laifin. Wahalar tashi, rawar inji a silo, baƙin hayaƙi, ƙwanƙwasa da yawan shan mai duk alamominta ne, amma toshewar filta, raunin famfo da ƙarancin matsi a silinda su ma suna kawo irin haka. A injin zamani mai tsarin common rail, wanda bututun matsi guda ke raba wa duk injektocinsa mai, gwaji mafi sauƙi shi ne na man da ke komawa tanki: a cire ƙananan tiyoyin da ke kan injektocin, a jona kwalabe masu awo, a bar injin a silo na ɗan lokaci, sannan a kwatanta. Wadda ta cika kwalbarta fiye da sauran nesa ba kusa ba, bawul ɗin cikinta ya cinye, kuma ita ke zubar da matsin da injin ke bukata ya tashi. Na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota kuma tana nuna yawan man da ake ƙara wa ko rage wa kowace silinda don silo ya daidaita.

Sai kuma a san irin injektar, domin shi ne ke yanke rabin hukuncin. Tsofaffin injina suna da injekta mai sifirin, wadda matsin mai kaɗai ke buɗe ta, yawanci tsakanin bar 100 da 300 (bar ma'aunin matsi ne). Irin wannan gyara ya fi saye nesa. Ana canza nozul, wato bakin da ke fesa man, a saita matsin buɗewa da siraran washa a kan famfon gwaji na hannu, a duba feshin ya fita kamar hazo ba tare da ɗiga ba, shi ke nan. Ta common rail, wadda ta shiga ƙananan motoci a 1997 da Alfa Romeo 156, wani abu ne daban. A injinan yanzu matsinta yana kai bar 1,600 zuwa 2,500, tana fesa mai sau da yawa a bugu ɗaya, kuma ratar da ke tsakanin allura da jikin nozul 'yan maikiron ce, alhali kaurin gashin kai ya kai kusan maikiron 70. Ita ma iri biyu ce: mai solenoid, wadda maganaɗisun lantarki ke buɗe ta, da mai piezo, wadda wani kiristal mai miƙewa idan lantarki ya shige shi ke buɗe ta. Mai solenoid tana gyaruwa a hannun wanda ya iya. Mai piezo ta fi wuyar sha'ani, kuma da yawa daga cikinsu gara a canza su gaba ɗaya.

Sabuwa ta asali ita ce mafi tsada, ita ce kuma mafi kwanciyar hankali. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanonin mota ba su cika ƙera injekta da kansu ba. Bosch, Denso, Delphi da Continental ne suka yi mafi yawansu, don haka wadda ke cikin kwalin maƙerinta sau da yawa ta fi araha a kan wadda aka buga wa tambarin motar, alhali abu ɗaya ne. A saya da lambar da ke jikin tsohuwar, kada a dogara da sunan mota da shekara kawai, domin inji ɗaya yana iya zuwa da injekta iri biyu masu bambancin ramukan feshi. Babban haɗarin nan jabu ne, kuma farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ke fara tona asirinsa.

Sabuntacciya, a ganinmu, ita ce zaɓin da ya fi dacewa da yawancin masu mota, amma a nan ne aka fi cutar mai saye. Sabuntawa ta gaskiya tana nufin an warware injektar gaba ɗaya, an sa sabon nozul, sabon bawul da sababbin sil, an saita ratar ciki, an ɗora ta a kan bencin gwaji, an auna man da take bayarwa a silo, a cikakken lodi, a ɗan feshin farko, da wanda take mayarwa. Wasu kuwa wanke ta kawai suke yi a injin wanki, su goge jikinta ya yi ƙyalli, su kira ta sabuntacciya. Wanki yana cire baƙin da ya daskare a bakin nozul, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Don haka a nemi takardar sakamakon gwaji ta kowace injekta, a tambayi waɗanne kaya aka canza, a kuma karɓi garanti a rubuce. Mai sayarwa da ya hau kame-kame a kan waɗannan ukun, a bar masa kayansa.

Ta hannu kuwa caca ce. Wadda ta daɗe a ajiye babu murfi takan yi tsatsa a ciki, allurar ta maƙale. Idan dole ce ta sa, a gwada ta a benci kafin a biya.

Canza ɗaya ko duka? Idan guda ce ta faɗi gwaji sauran suka wuce lafiya, a canza ita kaɗai. Idan injin ya ci hanya sosai kuma biyu sun faɗi, sauran ma suna tafe. Jan ƙafa kuma yana da tsada: injekta mai ɗiga tana wanke baƙin man jikin silinda, tana tsinka man injin, tana iya narkar da kan fistin.

Akwai kuɗin da ba ya cikin farashin injektar, kuma dole a lissafa shi. Washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashinta sabuwa ake sakawa kowane lokaci, bayan an share mazauninta tas. In ba haka ba hayaƙi zai riƙa hurowa ta gefe, ya tara baƙin abu mai tauri kamar kwalta har injektar ta ƙi fita, matsalar da aka sani sosai a injinan CDI na Mercedes. Wasu kamfanoni suna umartar a canza noti mai riƙe ta da bututun matsi, kuma a ɗaure su da sifana mai awo. Sannan lambar saiti, wadda ke rubuce a jikin injektar don gaya wa kwamfutar mota yadda take ba da mai: Bosch tana da IMA, Delphi tana da C2I mai alamomi 16 ko C3I mai 20, Denso tana da lambar QR. Sai an shigar da ita cikin kwamfutar motar a silindar da ta dace, in ba haka ba injin na iya ci gaba da ƙwanƙwasa da sabuwar injekta a jiki.

A kuma binciki abin da ya kashe tsohuwar. Yawanci ruwa ne ko datti a cikin mai, don haka filta sabuwa da tsiyaye matattarar ruwa wajibi ne. Idan aka ga ɓurɓushin ƙarfe mai sheƙi a filta, famfon matsi ne ke cin kansa, kamar yadda aka san famfon Bosch CP4 da yi. A wannan hali sai an canza famfon, an wanke tanki da bututu kafin a ɗaura ko injekta ɗaya. Wajen neman yoyo kuma kada a kai hannu kusa da bututun matsi injin na aiki, domin man yana huda fata, kuma raunin na buƙatar asibiti nan take.