Na'urar numfashi ta AirSense 10 a gidan mai ciwon suga da ƙoda a Katsina

Minsharin da ke yankewa tsit, sai mutum ya zabura yana kokawar shaƙar iska, yana wahalar da zuciyar mai ciwon sugan da ya taɓa ƙoda. Duk yankewa ɗaya iskar da ke cikin jini na sauka, hawan jini ya tashi, bugun zuciya ya rikice. Ƙodar da ta raunana kuma tana barin ruwa ya taru a ƙafa da rana. Da an kwanta sai ruwan ya gangaro wuya ya ƙara matse maƙogwaro. Shi ya sa matsalar ta yi yawa a cikinsu, har da marasa ƙiba.

AirSense 10 AutoSet ta kamfanin ResMed na'urar CPAP ce: tana tura iska ta cikin tiyo zuwa abin rufe hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ƙarfin iskar na tsakanin 4 zuwa 20, kuma ita ke daidaita shi cikin dare. Ba ta da ƙara, wanda ke gefen gado zai yi barcinsa. Da safe allonta na nuna awannin da aka yi da ita, yawan iskar da ta zurare, da sau nawa numfashi ya tsaya a awa ɗaya. A tsayawar numfashin, ƙasa da sau 5 a awa ake nema. Wanda gwajin barcinsa ya nuna sama da 30 ciwonsa ya yi tsanani. Wannan allon shi ne abin da muka fi yaba mata, domin mai jinya zai ɗauki hotonsa ya nuna wa likita ranar zuwa asibiti.

Batun zuciya kuwa, kada mai sayarwa ya cika muku baki. Babban binciken SAVE na 2016, a kan mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, bai ga CPAP ta rage aukuwar ciwon zuciya na farat ɗaya ko mutuwa ba, amma mutanen awa 3.3 kacal suke sa ta a dare. Abin da aka tabbatar shi ne gyangyaɗin rana ya ragu, kuma hawan jini kan sauka da maki 2 zuwa 3, fiye da haka ga wanda jininsa ya ƙi jin magani. Don haka a yi awa huɗu aƙalla kowane dare, shida ya fi, kuma kada a ajiye ƙwayar hawan jini ko ta suga saboda ita. Mai raunin zuciya ya tabbatar likitan zuciya ya gan shi tukun, domin wani ɗaukewar numfashin daga ƙwaƙwalwa yake, ba toshewa ba ne, kuma wannan na'urar ba ta gyara shi.

Inda take ba da wahala a Katsina shi ne wuta. Ba ta da batir a ciki, da NEPA ta ɗauke ta tsaya. Cajarta wat 90 ce a kan bolt 24, kuma yawancin cin wutar na wajen ɗumama ruwan tankinta ne, wanda ke sa wa iskar danshi. Wanda ke kan sola ko inbata ya kashe ɗumamar, batir zai kai shi asuba cikin sauƙi. Sai dai a hunturu kashe ta na busar da hanci da baki, mai ƙoda da aka ƙayyade wa ruwan sha ya tashi yana kwankwaɗa. A nan gara a bar ɗumamar a mataki na 2 ko 3. Ruwan tankin, mililita 380, ba ya shiga lissafin ruwan da aka ƙayyade. A zuba tataccen ruwa. Na rijiyar burtsatse yana barin farin datti a gindin tanki.

Ƙura ma abin lura ce. Matatar iskar da ke gefenta 'yar ƙarama ce fara. A watannin buji a duba ta duk mako, ta yi ja a canza, ba a wanke ta. A sayi guda shida tare da na'urar tun farko.

Abin rufe hancin shi ke sa mutane jingine ta. An ɗaure shi tamau sai ya ci karan hanci, kuma ciwo a fatar mai suga ba ya saurin warkewa. A sassauta igiyar har yatsa biyu su shige, a wanke robar kullum da sabulu mara ƙamshi. Mai gemu mai kauri ya zaɓi irin wanda ke zama a ƙofar hanci kawai. Zurarar iska ta haura lita 24 a minti, lissafin allon ba abin dogaro ba ne.

Mai niyyar sayen ta hannu ya duba adadin awannin da injin ya yi a cikin saitinta, ya sayi sabon tiyo, tanki da abin hanci. In an kawo masa DreamStation ta farko ta Philips a madadinta, ya tuna kamfanin ya janye ta a 2021 saboda soson cikinta na dagargajewa.