Flying Scotsman ɗin Hornby bayan wata biyar a hannuna

Wani abokina ya ga hoton ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da na saya a wayata ya ce yaushe na je Ingila ban faɗa masa ba. Wallahi ban je ko'ina ba, a ɗakina na ɗauka a nan Zariya, kuma kan jirgin da ya gani tsawonsa bai kai rular 'yan makaranta ba, santimita 28 ne ko kusa da haka. To tunda an fara tambaya bari in faɗi abin da na gani game da kayan nan, don na san akwai masu sha'awa irina da suke tsoron kashe kuɗinsu.

Set ɗin Flying Scotsman ne, wato ƙaramin kwafin wani shahararren jirgin ƙasa mai tururi na Birtaniya, na kamfanin Hornby, girman da ake kira OO, ma'ana an rage komai sau 76, layin kuma faɗinsa milimita 16.5. A cikin kwalin akwai kan jirgin, tarago uku masu launin katako, layin dogo da za ka harhaɗa ya zagayo kamar ƙwai, sai kwantirola na ƙara gudu ko ragewa da adaftarsa. Filoginsa mai ƙafa uku ne irin namu, wutarsu ma daidai da tamu, don haka ina buɗewa na jona ba sai na nemo wani abu ba. Wutar da ke bin layin ƴar kaɗan ce, bolt 12, ko yaro ya taɓa ba abin da zai same shi. Abin da ya ɗan ɓata min rai tun farko masu kawo kaya ne, sun danne kwalin har gefe ɗaya ya lotsa, amma da na buɗe komai lafiya lau. Kuɗin kam ba wasa ba ne idan ka juya fam zuwa naira ka haɗa da na aikowa, wannan kowa ya sani kafin ya shiga.

Na zaɓi wannan jirgin ne saboda tarihinsa. A 1923 aka ƙera na gasken a garin Doncaster na Ingila, zanen injiniya Nigel Gresley ne, a 1928 ya ja jirgin fasinja daga Landan zuwa Edinbura ba tsayawa, a 1934 kuma ya zama kan jirgi mai tururi na farko da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 a awa. An sallame shi daga aiki a 1963, wani attajiri Alan Pegler ya saye shi don kar a yanka shi a sayar da ƙarfen, ya je Amurka ya je Ostireliya, yanzu yana hannun gidan tarihin jiragen ƙasa na York kuma har yau yana tafiya. Nawa yana ɗauke da lamba 4472 da fentin nan kore shar na kamfanin jiragen ƙasa na LNER mai shi a da, da siraran layuka baƙi da fari da suka zagaye tukunyar tururin, kuma gaskiya fentin ya fita, ba inda ya zarce ko ya yi dabbare.

Amma abin da ya kama zuciyata shi ne tafiyarsa a hankali. Gudu kowane abin wasa yana yi. Wannan idan ka murɗa kwantirola kaɗan kaɗan sai ka ga manyan ƙafafun nan shida sun fara juyawa, sandunan ƙarfen da suka haɗa su suna kai da komo suna hawa suna sauka daidai yadda na gaske yake yi, taragan suna biye suna ɗan ƙas ƙas a mahaɗar layi. Ranar da na kunna wa Baba shiru ya yi ya daɗe yana kallo, shi ya ga zamanin jirgin kwal a tashar nan, lokacin da ake ɗauko kwal daga Inugu. Na ce Baba ko in ƙara masa gudu ku gani? Ya ce a'a bar shi haka, haka suke shigowa tasha. Ya sa hannu ya nuna min akwatin da ke bayan direba ya ce nan ake zuba kwal da ruwa.

Maganar hoto kuwa nan ne na fi ɓata lokaci. Da farko ina tsaye nake ɗauka daga sama, duk sai su fito kamar kayan wasan yara a kan tebur. Sai da na sauko da idon kyamara daidai layin, wato na kifa wayar kanta ƙasa yadda lens ɗin zai kusa taɓa katakon, sannan jirgin ya tashi ya zama ƙato, tukunyar ta yi sama da kai kamar kana tsaye a bakin dogo. Kar ka kunna filashi, yana kashe koren ya sa robar ta riƙa ƙyalli. Hasken taga da safe ya fi komai, sai ka jingina farar takarda a ɗaya gefen don haske ya shiga ƙarƙashi wajen ƙafafun, in ba haka ba wurin baƙi ƙirin zai fito kuma nan ne kyan yake. Matsalar da kowa zai haɗu da ita, idan gaban ya fito tar sai bayan ya dushe saboda kusanci, ni dai na kafe wayar da littattafai na sa taima, na ɗauki hoto shida kowanne na taɓa wuri daban daga gaba zuwa baya, na haɗe su a kwamfuta ya zama ɗaya. Hayaƙin da abokina ya gani auduga ce na baza siririya na maƙala a bututun.

Kyamara fa ba ta rufa asiri. Daga kusa sosai za ka ga wasu ƙananan bututai a jikin robar aka zubo su, ba daban aka liƙa ba, wannan irin na masu farawa ne, wanda yake son komai filla filla akwai masu tsada da aka yi don haka. Ni a wurina hakan ma ya fi, don ina ɗaukarsa ina ajiyewa ba fargabar wani abu zai karye.

Babban abokin gaba a garinmu ƙura ce. Da hunturu ya shigo kwana biyu kawai na bar shi a buɗe sai ya fara tsayawa yana fizga, na ɗauka ya lalace ne ashe layin ne ya yi datti wutar ba ta kai wa ƙafafun. Na goge saman layin da tsumma mai laushi da ɗan sifirit, na share jikinsa da burushin kwalliya na mata, nan take ya dawo daidai. A hoto kuwa ƙwayar ƙura ɗaya sai ta fito kamar tsakuwa a kan tukunyar, dole ka share kafin kowane ɗauka. Kar kuma ka shimfiɗa layin a kan kafet, gashin kafet yana naɗewa a ƙafafun. Ni kafinta na sa ya yanko min filawud ƙafa 4 da 8 na ɗora a kai, ina gamawa in lulluɓe da zani.

Wanda yake son farawa ina ba shi shawarar wannan ɗin ba tare da wani kokwanto ba. Yanzu tarin kuɗin Mallard nake yi, shuɗin kan jirgin nan na Gresley da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, don ƙaraminsa ma irin layin nan nawa yake hawa, kuma na riga na ware masa wuri a gefen taga inda hasken safe yake sauka.