Supermicro X10SLL-F: tsohon bod mai araha, amma ba da kowa yake zama ba

Shagona na ɗaukar hoto da bidiyon biki ne, kuma fayil ɗin biki guda sai ya cinye gigabayit ɗari ba ka ankara ba. Da na gaji da tara ƙananan faifai a durowa, sai na haɗa sabar ajiya, wato kwamfutar da ke adana fayiloli wuri guda, da kayan gwanjo. Bod ɗin, wato babban allon cikin kwamfuta, da na ɗora komai a kansa shi ne Supermicro X10SLL-F. A ganina ya ci kuɗinsa, in dai ka san abin da zai karɓa kafin ka zaro kuɗi.

Soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa, LGA 1150 ne, yana ɗaukar Xeon E3-1200 v3, furosesan 2013 da yanzu ake sayarwa kamar kyauta. Abin da ya fi burge ni shi ne IPMI: wata ƙofar netwok ta daban da ke ba ka damar kunna sabar, ka kashe ta, ka shiga BIOS, wato saitunan bod ɗin, daga laftof ɗinka. Tawa tana can ɗakin baya ba allo ba kibod. Na kuma saita ta yadda in wuta ta dawo za ta tashi da kanta, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen RAM ne ake zubar da kuɗi. Bod ɗin na son DDR3 ECC, wato RAM mai gyara kuskure da kansa, amma irin wanda ake kira UDIMM, iyakarsa 32GB a ramuka huɗu. Yawancin RAM ɗin saba da ke yawo a kasuwa da araha wani iri ne daban, RDIMM. Zai shiga ramin daram, amma injin ba zai tashi ba. Duba takardar da ke manne a jikinsa: in ka ga 12800E, naka ne; in 12800R ne, mayar wa mai shago abinsa ko da ya rantse maka duk ɗaya ne.

Ƙofofin SATA, inda ake jona faifai, shida ne, biyu masu gudun 6Gb/s, huɗu 3Gb/s. Kada wannan ya dame ka, faifai mai juyawa ba ya ƙure ko da 3Gb/s ɗin. SSD, faifan da ba ya juyawa, shi kawai za ka ba wa masu saurin.

Sai maganar SAS, wata hanyar jona faifai ta manyan sabobi. Za a nuna maka faifan SAS da aka ciro daga tsofaffin sabobin kamfanoni, farashi mai daɗi. Ba ya shiga ƙofar SATA, bakinsa ma daban ne. Sai da kati irin LSI 9211-8i, mai ɗaukar faifai takwas, SAS ko SATA. In manhajar ajiya ta TrueNAS za ka sa, ka tabbata katin yana kan IT, yanayin da yake miƙa kowane faifai yadda yake, ba RAID mai haɗe su wuri guda ba, domin ZFS, tsarin fayil ɗin TrueNAS, na son ganin kowane faifai kai tsaye. Katin nan yana zafi sosai, don an yi shi ne domin akwatin da iska ke ratsawa da ƙarfi. Ni dai ɗaure masa ƙaramar fanka na yi da tayirap, saboda watan Afrilu ba ya wasa.

Faifai kuwa, masu fasahar rubutu ta CMR nake saye kawai, wadda ba ta ɗora layin bayanai a kan wani. A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red na 2TB zuwa 6TB fasahar SMR gare su, wadda ke ɗora layin bayanai a kan juna, masu jan ƙafa matuƙa idan ZFS na sake gina faifan da ya mutu. Bayan hayaniyar ne aka ware masu CMR da sunan Red Plus. A kan kwali bambancin kalma ɗaya ce tak.

Abin da ba na so: filogin maɓallin kunnawa na gaba tsarinsa ba irin na akwatin gida ba ne, sai ka buɗe littafin bod ɗin kana bin fil ɗaya-ɗaya. Kuma 32GB ɗin nan bango ne. Mai son tara injinan bogi, wato kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya, da yawa a saba guda ya nemi wani bod ɗin. Mai ajiyar bidiyo irina, ya ishe shi.