Binciken tsoka: MPhil a Kumasi ko PhD a Amurka?

Ƴan uwa na Zango masu son binciken tsokar jiki, wato yadda furotin ɗin tsoka, actin da myosin, ke jan juna, ko abin da ke cinye tsoka a ciwon Duchenne in babu furotin ɗin dystrophin, hanya biyu ce a gabanku.

MPhil, wato digiri na biyu na bincike, a jami'ar KNUST ta Kumasi ko Jami'ar Ghana da ke Legon shekara 2 ne, kana gida kana cin waakye, su dai sakamakon digirinka za su duba da malamin da zai yarda ya riƙe ka, amma kuɗin makaranta yawanci daga aljihunka, kuma gaskiya manyan lab ɗinmu irin su KCCR na KNUST da WACCBIP na Legon sun fi ƙarfi a maleriya da cututtuka masu yaɗuwa, tsoka sai ka nema.

Amurka kuwa daga digirin farko ma ana shiga PhD, shekara 5 zuwa 6, su yafe maka kuɗin makaranta har da alawus. Wasiƙun malamai 3, takardar bayanin manufa, jarrabawar GRE kuwa jami'o'i da yawa sun daina tambaya. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin gogewar lab, wanda bai taɓa riƙe pipette (bututun auna ruwa a lab) ba da wuya a kira shi intabiyu.

Ni dai in ba ka da gogewar, fara da Kumasi tukuna.