Gargaɗi kan masu tallar karnukan kiwo “masu rajista” daga Birtaniya

Jama'a, a yi hattara da wasu shafuka da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu gona da kiwo, suna tallar 'yan kwikwiyon Border Collie, wani irin karen kiwon tumaki, wai daga wata gona a Wales ko arewacin Ingila, wai kowanne da takardar rajistarsa a hannu. Tallar ta fi kai wa mutum biyu: 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, da masu garken tumaki a nan gida waɗanda suka ga bidiyon kare guda yana tattaro tumaki ɗari da fito kawai, abin ya shiga ransu. Sha'awar ba laifi ba ce, kare na kiwo ma yana cikin waɗanda addini ya yarda a ajiye. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san yadda rajistar waɗannan karnuka take ba, kuma da wannan rashin sanin ake cin kuɗin mutane.

Ga yadda suke yi. Za ka ga hoton kwikwiyo baƙi da fari a kan ciyawa, da bidiyon wani babban kare yana zagaya tumaki a gefen tsauni, a ce maka ubansa ne. Farashi ƙasa da rabin abin da aka saba. Kana magana za a turo maka hoton takarda mai tambari, a ce saura guda ɗaya, wani ma yana hanya, ka ba da kafin alƙalami yau. Ka ba da, sai kashegari wani “kamfanin jigilar dabbobi” ya rubuto maka cewa kare yana filin jirgi amma kejinsa bai cika ƙa'ida ba, sai an sayi mai sanyaya iska. Bayan keji sai inshora, wadda za a ce za a maido maka da kuɗinta. Bayan inshora sai allura, sai kwastan. Ran da ka ce ka gaji, sai murya ta canza: kwikwiyo zai mutu da yunwa a keji, kuma kai za a kama da laifin wulaƙanta dabba. Babu kare, babu keji, babu filin jirgi. Mai gonar da kamfanin jigilar mutum ɗaya ne, hotunan kuwa daga shafukan makiyaya na gaskiya aka kwaso su.

Takardar nan ita ce ƙugiyar, don haka bari in tsaya a kanta. Ƙungiyar da ke riƙe da littafin asalin karnukan kiwo a Birtaniya ita ce International Sheep Dog Society, wadda ake taƙaitawa ISDS, an kafa ta a 1906. Ba ta damu da kyan kare ko launin gashinsa ba, aiki take dubawa. Kwikwiyo yana shiga littafinta ne idan uwarsa da ubansa duk suna ciki, kuma mai kiwon da aka haifa a hannunsa shi ke shigar da haihuwar. Kare da ba shi da wannan asali yana iya shiga ta wata ƙofar, amma sai ya girma an gwada shi a gaban tumaki an ga aikinsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka kwikwiyo ɗan wata biyu ya samu rajista “saboda ƙwazonsa”, ko ya ce ka ƙara kuɗi a yi masa rajista a hanya, ƙarya yake yi. Kowane kare a littafin yana da lamba, uwarsa da lamba, ubansa da lamba. Ka nemi lambobin nan uku, ka rubuta wa ƙungiyar da kanka ta adireshin da ke shafinta, ba ta lambar waya ko imel ɗin da mai tallar ya ba ka ba. A nan yawanci hira take mutuwa.

Akwai kuma Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka iri-iri ta Birtaniya, wadda ta girmi ISDS, tun 1873 take, amma sai a 1976 ta amince da Border Collie a matsayin irin da za a kai gasar nuna kyau. Rajistarta ta gaskiya ce, sai dai ba ta nuna cewa kare ya taɓa ganin tunkiya. 'Yan damfara suna cakuɗa sunayen biyu da gangan, wani lokaci ma su ƙirƙiro ƙungiya ta uku mai dogon suna da tambarin zinare, wadda duk wanda ya biya za ta buga masa takarda.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kirarin asali. Za a rubuta maka cewa kwikwiyon nan jinin Old Hemp ne, ko jikan Wiston Cap. Old Hemp kare ne da Adam Telfer ya kiwata a Northumberland, an haife shi a 1893, kuma daga gare shi ake lissafin tushen irin baki ɗaya. Wiston Cap an haife shi a 1963, ya ci babbar gasar ISDS a 1965, ya bar zuri'a mai yawan gaske, har siffarsa ce a tambarin ƙungiyar. Wato kusan kowane Border Collie da ke raye yau yana iya wannan kirarin, har wanda ke gudun tunkiya. Jika kuwa, kare da aka haifa a 1963, a lissafa a gani.

Sai batun kuɗi. A watan Fabrairun 2020 an sayar da wata karya mai suna Megan a kasuwar gwanjo ta Skipton kan fam 18,900, wani mai kiwon shanu daga Amurka ya saya. Shekara guda bayan haka wata mai suna Kim ta kai fam 27,000 a Wales. Waɗannan na ƙoli ne, ba kowane kare ke kai haka ba, amma sun nuna cewa horarren kare dukiya ne a wurin makiyayan can, kuma masu saye suna bin sa har gida. Makiyayin da ke da irin wannan jini ba ya neman baƙo a WhatsApp ya roƙe shi ya karɓa a rabin kuɗi.

Kashi na biyu na damfarar ya fi muni a ganina, domin a nan akwai kare, kuma yana shan wahala. Gidajen hayayyafa ne, inda ake kulle karya a ɗan akurki ko tsohon garejin mota, ba rana ba motsi, duk lokacin da ta nemi barbara a haɗa ta, har jikinta ya ƙare. Ana raba 'ya'yan da uwa tun ba su isa ba, a wanke su, a kai wani gida mai tsabta da aka yi haya don ranar ciniki, ko a ce a haɗu a wurin ajiye motoci “don sauƙaƙa maka”. Wani lokaci a ajiye wata karya lafiyayya a gefe a ce uwar ce. A duba nononta, a duba ko 'ya'yan suna zuwa wurinta. Kwikwiyon irin wannan gida yakan iso da tsutsar ciki ko cutar parvo mai sa amai da gudawa da jini, wadda ke kashe ƙanana cikin kwanaki. Wanda ya tsira kuma, tunda bai taɓa ganin fili ko garke ko mutane ba, sai ya tashi matsoraci, ko mai cizon duk abin da ya gilma. Border Collie kare ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ba ya jure zaman banza, kulle shi a keji yana lalata shi fiye da yawancin karnuka.

A kula da masu tallar “fari tas, irin da ba a cika samu ba”. Idan aka haɗa karnuka biyu masu launin dabbare-dabbaren nan da ake kira merle, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan yakan gaji launin ta ɓangare biyu, ya fito fari sosai, sau da yawa kurma ko makaho ko duka biyun. Kare da fito ake sarrafa shi daga nesa, in kurma ne me za a yi da shi? Akwai kuma ciwon ido na gado da ake kira CEA, wanda ake ganowa da gwajin ƙwayar halitta. Mai kiwo na ƙwarai zai nuna maka sakamakon iyayen tun kafin ka tambaya.

Dokar Ingila ma tana gefenka in ka san ta. Tun Afrilun 2016 wajibi ne a sa wa kowane kare maikurocif, 'yar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fata mai lamba 15, kafin ya wuce mako 8, kuma sunan mai kiwon ne ke fara shiga kundin. Ba a sayar da kwikwiyo ƙasa da mako 8. Tun Oktoban 2018 wanda ke samar da haihuwa uku ko fiye a shekara yana sayarwa sai da lasisin ƙaramar hukuma, kuma lambar lasisin dole ta fito a tallarsa. A Afrilun 2020 aka fara aiki da dokar da ake kira ta Lucy, sunan wata karya da aka ceto daga gidan hayayyafa a Wales, wadda ta hana dillali sayar da kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6: sai dai daga hannun mai kiwon kai tsaye ko gidan ceton dabbobi. Don haka “ni wakilinsa ne” ko “na ɗan'uwana ne da ya yi tafiya” ba uzuri ba ne, shaida ce a kansa.

Ga na gida kuma, kare ba ya shigowa Najeriya kamar kwalin takalmi. Sai da izinin shigo da dabba daga hukumar kula da lafiyar dabbobi ta tarayya, da takardar likitan dabbobi, da allurar ciwon haukan kare, wadda ba a yi wa kwikwiyo sai ya kai mako 12, sannan jami'an killace dabbobi su duba shi a filin jirgi. Wanda ya ce zai sauke maka ɗan mako 8 a Kano jibi bai taɓa tura kare ko'ina ba. Ban da haka ma, kare ne na tsaunuka masu sanyi da ruwan sama, gashinsa ruɓi biyu ne. Kafin a yi maganar kuɗi a tambayi likitan dabbobi yadda zai yi da zafin Afrilu da kaska, da kuma wa zai horar da shi, domin asali kaɗai ba ya koya wa kare umarnin dama da hagu.

Idan har za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je, ko ka tura wanda ka yarda da shi, ya ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi, ya ga uwar tana aiki a gaban tumaki. In nesa ta hana, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a riƙe kusa da kwikwiyon. Ka sa hoton tallar a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa za ka same shi a shafin wani tun shekarun baya. Kada ka biya ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko zaɓin 'yan'uwa da abokai na PayPal, domin duk hanyoyi ne da kuɗi ba ya dawowa. Kuma idan gonar tana Wales amma asusun da aka ba ka na wani mutum ne a bankin gida, ka tsaya nan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi, ko da an yi masa barazanar kotu. Ya kira bankinsa nan take, ya ɗauki hoton duk hirar da lambar asusun kafin a goge, ya kai ƙara wurin EFCC ko 'yan sanda in yana Najeriya. Mazauna Ingila da Wales da suka ga inda ake tsare da karnuka cikin ƙazanta su sanar da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA da sashen lasisi na ƙaramar hukumar yankin. A kuma yi tsammanin saƙo na gaba daga wani da zai ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya ɗan wani abu. Su ne dai suka sake dawowa.