Pina ko Madu, wanne za ki fara kalla?

'Yar uwa, kin tambaya tsakanin Pina da Madu, finafinan gaskiya guda biyu a kan rawa, wanne ya fi tunda data ba za ta isa duka biyun ba. Na kalli kowanne, kuma gaskiya ba abu ɗaya suke ba mutum ba.

Madu ya fi sauƙin shiga rai. Labarin Anthony Madu ne, yaron Legas ɗin nan da bidiyonsa ya zagaye duniya a 2020 yana rawar bale (ballet, rawar nan ta Turawa) ba takalmi a kan siminti ruwa na dukansa, lokacin yana shekara 11. Daga nan ya samu gurbin karatu a makarantar rawa ta Elmhurst a Birmingham ta Ingila, fim ɗin ya fito a Disney+ a 2024. Kyamara tana bin sa ne kawai, kewar gida, waya da mahaifiyarsa, tsokanar da ya sha wajen yara wai namiji da rawa, sannan ga matsalar ido da aka gano masa can. Wallahi wurin gwajin idon nan sai da na ajiye wayar na ɗan huta. Amma rawar kanta ba a tsaya an bayyana ta sosai ba, yaron ake nuna miki.

Pina kuwa daban ne. Darakta Bajamushe Wim Wenders ya yi shi, ya fito a 2011, a kan Pina Bausch, Bajamushiya mai tsara rawa a garin Wuppertal. Ana shirin fara ɗauka ta rasu a 2009, har ya fasa aikin sai 'yan rawarta suka lallashe shi ya ci gaba. Shi ya sa ba za ki ji tarihin an haife ta kaza ta yi kaza ba, aikinta kawai ake baje miki. Akwai inda aka zuba ƙasa a dandamali suna rawa tana manne musu a jiki da gumi, akwai wata rawa da ta tsara mai suna Café Müller inda mace ke tafiya ido rufe cikin kujeru wani yana ta rige-rigen ture su kar ta yi karo, ni nan ne na gane ashe tsara rawa tunani ne ba tsalle-tsalle ba. 'Yan rawar kuma sai su zauna shiru suna kallon kyamara, muryarsu na tashi daga baya suna tuna ta. Wasu an fito da su titi ma, har cikin jirgin ƙasan garin mai tafiya a rataye.

Sai dai yana buƙatar haƙuri, kuma don 3D aka yi shi, a ƙaramar waya rabin daɗin ya tafi.

In labarin mutum kike so ki fara da Madu. In kuma yadda ake ƙirƙirar rawa kike son gani, kamar yadda na fahimta daga tambayarki, to Pina ne, ki bari sai kin samu babban allo da dare gida ya yi tsit.